Halliru Makanike da Motar Babana

Duk wanda ya saba bin hanyar tasha a Illela bayan sallar asuba ya san abin da zai tarar a gindin tsamiyar nan ta bakin kasuwa. Malam Halliru Makanike ne durƙushe a kan buhu, yana jera sifanoninsa kashi uku, na Ingila gefe guda, na Faransa gefe guda, na Amurka a tsakiya. Ba ya yarda su cakuɗe, domin kowace ƙasa da awon notinta, mu kuwa a bakin iyaka muke, wata motar daga Sakkwato take zuwa, wata daga Ƙonni, kowace da irin ciwonta. In ya gama jeri sai ya sha furarsa a tsaye, ya goge baki da bayan hannu, ya shige ƙarƙashin motar da ta kwana tana jiransa. Daga nan ƙafafunsa kawai za ka gani har azahar. In ka yi sallama ƙafa ɗaya za ta motsa, ka san an amsa.

To, mutumin nan zai bar gindin tsamiya. Bayansa ya gaji da kwanciya a ƙasa, ya ce kafin ruwa ya sauka zai koma gonarsa a Lafani, ya bar wa waɗanda ya koya wa aiki garejin. Direbobin tasha suka ce bai kamata ya tafi shiru ba, a rubuta wani abu mutane su karanta. Da yake ni ne na ɗan taɓa boko a cikinsu, sai suka ɗora mini. Ni dai na gaya musu sun yi mugun zaɓi. Ni Ma'aruf ɗan Alhaji Dabo kishin Halliru nake yi, kowa a tasha ya sani, shi ma ya sani. Ba hassada ba ce, Allah Ya tsare, ban taɓa fatan ko ƙaya ta soke shi ba. Kishi ne tsagwaronsa, kuma yanzu da nake rubutun nan ma yana nan bai tafi ko'ina ba.

Alherinsa ba sai ni na faɗa ba. Ramatu mai fura, wadda ta tsufa a bakin tashar nan, ta ce ba ta taɓa ganin baƙon direban da motarsa ta mutu a Illela ya kwana da yunwa ba, Halliru zai ja shi gida. Attahiru maƙeri ya ce da damina, in mota ta kafe a laka da marar lafiya a ciki, kafin a gama shawarar wa za a aika, Halliru ya naɗe wando ya kama hanya. Ɗan maƙera ne, aka ɗauke shi soja lokacin yaƙin Bama, can ya koyi gyaran mota, ya dawo da sana'a a hannu da ƙarancin magana. Waɗannan duk gaskiya ne, amma ba su ne suka dame ni ba. Abin da ya dame ni a cikin gidanmu yake.

Ni ne ɗan farin Alhaji. Kun san yadda abin yake a wurinmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yaba masa, ba ya zama hira da shi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana daga bakin babana ba. "Wancan" nake, ko "mutumin", ranar da ya ji daɗi kuwa "direba". Ba ƙorafi nake a kan al'ada ba, ni ma nawa ɗan farin ba na kiran sunansa. Amma fa a ce ga wani can, ba ɗa ba, ba jika ba, sunansa ba ya barin bakin tsohon. Halliru ya ce kaza, a kai wa Halliru goro, ku tambayi Halliru. Ina zaune a zaure da gemuna da 'ya'yana, ina jin sunan wani yana yawo a kaina, ni kuwa ko sau ɗaya ba a ce na kyauta ba.

Abin da ya haɗa su mota ce. Bayan yaƙi Alhaji ya sayi wata a-kori-kura a hannun wani Bafaranshe da zai bar Ƙonni, ƙirar Amurka, sitiyarinta a hagu, injinta mai fulogi takwas. Ita ta kai goro arewa, ta sauko da kanwa da dabino, ita ta gina gidan da muke ciki. Halliru ne likitanta tun ranar da ta shigo gari. Ana saura kaɗan a sami mulkin kai injinta ya tsage a wata bazara, aka tura ta bayan gida. Kaji suka mai da kujerarta akurki, awaki suka riƙa hawa bayanta. A 'yan shekarun nan ne kuma yanar ido ta rufe wa Alhaji gani, duniya ta koma masa sai abin da kunne ya ji da abin da hannu ya taɓa.

Shekarar da ƙasa ta zama jamhuriya ya yi wata doguwar jinya. Da ya ɗan farfaɗo, sai ya ce yana so ya je Garu ya gano ƙanwarsa, Goggo Kaltume, kuma a cikin motarsa zai je. Jama'a, ga babbar motata sabuwa fil a ƙofar gida, wadda na saya da gumina. Na aika ƙanena ya gaya masa ko yanzu ya shirya sai mu tafi. Amsar da ta dawo ita ce a kira Halliru. Duk gidan mun gane abin da tsohon yake nufi, ya ji a jikinsa lokaci ya matso, yana so ya yi sallama da 'yar'uwarsa da motarsa a tafiya ɗaya.

Nan na ga ƙofa ta buɗe mini. Na ce a raina in ni na tayar da motar nan, ai ko dutse ne zai ce wani abu. Na tafi Sakkwato na yi ta cigiya har na sami injin wata babbar mota ƙirar Ingila da ta faɗi, bodin ya lalace amma inji ko ƙwarzane babu. Na ɗauko shi a bayan motata, na shigo gari da rana tsaka don kowa ya gani. Halliru ya zagaya shi, ya leƙa nan ya taɓa can, ya ce wallahi na iya zaɓe. Ya ɗaure shi a kan gungume, ya ba shi mai, ya tayar. Aka riƙo hannun Alhaji aka kawo shi. Ya karkatar da kai ya saurara.

"Inji mai kyau na," in ji shi. "Amma wagga ba muryarta ba ta."

Ya juya aka mai da shi gida. Na tsaya na yi ta faɗa, na ce inji ai inji ne, mota tafiya ake nema a wurinta, ba waƙa za ta yi mana ba. Halliru ya bari na gama, sannan ya ce da ni, mai ido fenti yake kallo, Alhaji kuwa kunne kawai ya rage masa. In muka sa mata wata murya, motar wani muka ba shi. Na san gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ubana ne, a gidansa na tashi, amma sai wani ya fassara mini shi.

Wani ɗan kasuwa daga Ƙonni ya kawo tayin ƙaramin inji na Faransa, ba ya shan mai, kayansa kuma ga su nan tsallaken iyaka. Duk wani mai hankali da shi zai ɗauka. Halliru ya yi godiya ya ce a'a. Ya sauke tsohon injin ya warware shi ɗaya bayan ɗaya, abin da zai moru ya jiƙa a kananzir, abin da ya mutu ya ajiye gefe. Gangar jikin injin ce ta tsage, ba ta ɗinkuwa, sai an samo ɗan'uwansa. Daga nan ya shiga bin kasuwanni, yau Ƙonni, gobe Galmi, wani mako Madawa. Ba tambaya yake yi ba, tsayawa yake yana saurare. Direbobi har sun fara cewa Halliru ya taɓu.

A Ƙonni ya same shi, a bayan kasuwa, cikin wata rumfa. Wani mutum mai suna Lawwali ya ciro shi daga tsohuwar motar soja ya ɗaura masa bel yana niƙa da shi. Halliru ya ce tun daga bakin titi ya ji shi, ƙafarsa ta ƙi gaba. Lawwali ya ce ko sefa ko fam ba ya so, da injin nan yake ci da iyali, sai dai inji a bakin inji. Kun ga inda zancen ya nufa.

Da la'asar Halliru ya zo zaure, a gaban Alhaji, ya durƙusa ya roƙe ni injina. A gaban Alhaji fa. Me zan ce? Na ce a ɗauka, muryata tana rawa. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce Allah Ya yi wa Halliru albarka da ya sha wahalar nema. Ni da na ba da inji sukutum ko tari ba a yi don ni ba. Yanzu haka injin da na ɗauko daga Sakkwato da alfahari yana can yana niƙa wa matan Ƙonni gero. In na bi ta wurin nakan ji shi, sai in kau da kai in ƙara mai.

Aka jawo motar gindin tsamiya, aikin ya ci watanni. Daga injuna biyu Halliru ya haɗa ɗaya. Bafaranshen nan na farko ya taɓa yi wa mazaunin giya kwaskwarima da notinan ƙasarsu, ga inji na Amurka, ga abin da ake samu a kasuwarmu na Ingila, babu wanda ya yarda da wani. Sai Halliru ya zauna a maƙerar Attahiru suna ƙera noti, yana fitar da zarensa da hannu. Attahiru ya sake gasa sifirin, dukawa suka rufe kujera da jar fatar akuya, kafinta ya shimfiɗa sabon katako a baya. Tayoyi da batir ni na saya, a rubuta wannan, tun da ba wanda zai faɗa in ban faɗa ba. Da aka zo fenti na nuna wata lotsawa a ƙofar dama na ce a buge ta. Halliru ya hana. Ya ce ƙahon wani bijimi ne a Amarawa, Alhaji yana ciki ranar, kuma duk zuwan da zai yi nan yake fara kai hannu.

Ai kuwa kullum Alhaji yana zuwa. Bayan la'asar za a ɗauko masa tabarma a shimfiɗa a gindin tsamiya. Halliru zai miƙa masa wani ƙarfe, ya shafa ya faɗi sunansa, su shiga labarin wata tafiya da suka yi ina yaro. A nan na fara jin babana yana ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki. Ni ban san yana da irin wannan dariyar ba. Nakan zo da galan na mai in tsaya daga gefe kamar baƙo. Ya ji motsi ya ce wa ke nan, Halliru ya ce direba ne, ya ce to. Shi ke nan rabona na ranar.

Kai ne, Halliru na Lafani, ɗan maƙera mai kunnen inji, ka bar aikin da zai kawo maka na cefane ka tare a kan gawar mota don tsoho makaho ya ji daɗi. Kai ne ka yi ta dawowa daga Madawa hannu wofi, washegari ka sake shiri. Na tsaya a kanka ina neman inda za ka yi ha'inci ko ka gaji ka yi aikin gaggawa, in sami abin faɗa, ban samu ba. Wallahi na nema.

Ranar da za a tayar da ita tasha ta cika. Halliru ya sa hannun tayarwa a gaba ya juya, ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Ya buɗe ya taɓa wani abu a kafireto, ya yi bisimilla ya juya da ƙarfi. Sai ta kama, da wata murya mai kauri, a natse, wadda ni kaina sai da na tuna ina ƙarami ina jiran dawowarta a ƙofar gida. Alhaji ya miƙe tsaye ba wanda ya riƙe shi.

"Ita ta," ya ce. "Wallahi ita ta."

Hawaye yana bin gemunsa. Ya lalubo kan Halliru ya dafa, ya yi ta zuba masa albarka, shi da 'ya'yansa da jikokin da ba a haifa ba. Jama'a suna amin, ni ma ina amin. Na ga dai ta ƙare, motar ta tashi, ƙofar da na hango ta rufe, tsohon zai tafi ban ji komai daga gare shi ba. Na zagaya bayan babbar motata na tsaya ni kaɗai. Da na ɗago, Halliru yana kallona daga nesa.

Washegari da hantsi aka shirya tafiya Garu. Na fito ne kawai don in yi musu Allah Ya kiyaye. Halliru ya zaunar da Alhaji a kujerar dama, ya rufe ƙofa, ya je gaba ya tayar da inji. Sai ya yafuto ni, ya ɗora yatsa a baki, ya tura ni mazaunin direba. Ya sunkuyo ta tagar gefena ya ce da ƙarfi, Alhaji ya yi masa haƙuri ba zai yi magana a hanya ba, sabon aiki ne, kunnensa yana kan inji. Alhaji ya ce ba komai. Halliru ya lallaɓa ya haye baya, ya zauna a kan buhun tsarabar Goggo. Na sa giya muka kama hanya.

Tunda nake ban taɓa zama kusa da babana haka ba, kafaɗa tana gugar kafaɗa. Da farko zancen hanya yake yi, yana faɗin inda muke daga yadda mota take girgiza. Muka bar gari sosai. Can sai ya gyara zama.

"Halliru, bari in gaya maka wata magana bisa wancan, direban. Tun da idona ya tafi shi ka riƙe da gidan ga. Hatsin da muka ci nashi na, auren ƙannenshi shi ya yi. Injin ga da ya ɗauko Sakkwato, na san abin da ya sha kahin ya same shi, kuma na ji muryarshi ran da ya ba da shi. Ran da anka haihe shi kasa cin tuwo na yi don murna, sai na fita bayan gari kada a gani. Ban taɓa kwana ban sa mashi albarka ba, shi ka fara zuwa bakina kahin kowa. Amma ka san ba a faɗi. Kada ka gaya mashi."

Hanya ta ɓace mini. Na faɗa wani rami da ko makaho zai kauce masa, motar ta yi tsalle, tsohon bai ce uffan ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na cije leɓe don kada wani sauti ya fita, ruwa yana sauka a rigata. Haka muka tafi har muka shiga Garu.

A ƙofar gidan Goggo Kaltume na tsaya. Halliru ya diro a hankali, ya zagayo ya buɗe ƙofar dama kamar daga mazaunin direba ya fito. Alhaji ya miƙa masa hannu, ya sauko da ƙafa ɗaya, sannan ya ce, "Halliru, ka sha rana a baya. Da ka ɗauko malafa."

Halliru ya ce ba komai, Alhaji. Goggo ta fito tana salati ta rungume ɗan'uwanta. Suna shiga zaure na ji ya ce da ita a kai wa direba ruwa, ya yi ƙoƙari.

Alhaji ya rasu da kakar da ta biyo, Allah Ya jiƙansa. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai kira sunana ba, ni kuma ban ƙara bukata ba. Bayan an share makoki na tambayi Halliru ko shi da tsohon suka shirya abin nan, ko kuwa shi kaɗai ya yi dabararsa tsohon ya gane ya bi. Ya dube ni ya ce bai san zancen da nake yi ba. Har yau amsarsa ke nan.

Ku samarin da zai bar wa gareji, gyaran inji kun koya, na ga hannunku. Abin da nake roƙonku ku ɗauka a wurinsa kafin ya tafi shi ne duban mai motar, ku san abin da ya kawo shi, don wani ba motarsa kaɗai ce ta lalace ba. Ku direbobi 'yan'uwana kuma, duk wanda Halliru ya taɓa fitarwa daga laka, ya san hanyar Lafani, kada a bar shi da noma shi kaɗai.

Malam Halliru, na gode. Allah Ya saka maka, Ya ba bayanka lafiya, Ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ka yi wa uban wani. Kishin dai ban daina ba, kada ka zaci wani abu. Abin da na nema a wurin babana tun ina yaro, kai ka san yadda za a karɓo shi, ni ɗansa ban sani ba, kuma ba ni da abin da zan rama maka da shi. Motar tana nan lafiya, na wanke ta na zuba mai. Ranar tashinka ni zan kai ka Lafani, kuma wannan karon a gaba za ka zauna.